Darasi na Tara: Gwanjo ta Waya, Rubuta Ciniki da Warware Rikicin Biya

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Duk wanda ya taɓa shiga Kara ana gab da Sallar Layya ya ga yadda ake yi: dillali na riƙe da igiyar rago, wannan ya taya, mai dabba ya ce albarka, wancan ya ƙara, har a kai inda za a sallama. A nan take ake ƙirga kuɗi, a cire la'ada, mai saye ya ja ragonsa. Tayi da biya da karɓar kaya duk sun faru wuri ɗaya, lokaci ɗaya, a gaban mutanen da suka san juna. In gardama ta taso daga baya, akwai wanda za a kira ya faɗi abin da ya gani.

Cinikin da ake yi ta waya ya raba waɗannan abubuwa uku. Tayi yana cikin zauren WhatsApp ko a ƙarƙashin hoto a Facebook. Kuɗi suna bi ta banki ko ta hannun mai POS. Kaya kuwa ɗan kabu-kabu ne zai kai Arkilla, ko a ba direba a tasha ya sauke a Illela ko Birnin Kebbi. Kowane ɗaya yana da lokacinsa da wurinsa, kuma babu mutum guda da ya ga ukun da idonsa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya tilasta wa mai kayan miya da mai shayi karɓar tiransifa, irin wannan ciniki ya ƙaru sosai, rikicinsa ma ya ƙaru.

Abin da wannan darasi yake so ka riƙe shi ne: yawancin rikicin biya a gwanjon waya ba sata ba ce. Mutum biyu ne masu gaskiya, kowa na riƙe da wani ɓangare na labarin, ba a kuwa ajiye abin da zai haɗa ɓangarorin ba. Ɓarayi suna nan, za mu zo kansu. Amma zumuncin da ya lalace a kan kuskuren rubutu ya fi wanda ɓarawo ya lalata yawa, kuma wannan abin takaici ne, domin biro da littafi mai sauƙin kuɗi sun isa su hana shi.

Kafin a buɗe tayi

Malamanmu na Malikiyya sun halatta cinikin da ake ƙara tayi a kan tayi matuƙar ba a riga an sallama wa wani ba. Abin da aka hana shi ne najashu, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ɗaga farashi wani ya faɗa. A waya wannan ya fi sauƙi: mai kaya ya sa ƙaninsa ya riƙa tayi da wata lamba. Haramun ne a Kara, haramun ne a WhatsApp, kuma ranar da masu saye suka gane, zauren ya mutu.

Mai gwanjo ya rubuta sharuɗɗansa kafin ya ɗora hoton farko, ya kuma maimaita su duk ranar gwanjo: ƙarfe nawa za a rufe, nawa ne mafi ƙarancin ƙari, kwana nawa aka ba wanda ya ci ya biya, wa zai biya kuɗin kai kaya, sannan wane asusu ne guda ɗaya ake biya a ciki, da sunan da zai fito a jikinsa. Akwai sharaɗi ɗaya da ake yawan mantawa, alhali shi ne ke haddasa faɗa a daren rufewa. Saƙo ba ya isa wayoyi a lokaci guda. Wanda ke Gidan Dare zai iya tura tayinsa da 8:59, sabis ya riƙe shi, bai shiga wayar mai gwanjo ba sai 9:02. A wayarsa ya riga kowa, a wayar mai kaya ya makara. Sai a faɗa tun farko cewa lokacin da ya fito a wayar mai gwanjo shi ne abin dogaro, kuma da an rufe ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura cikin zaure kowa ya gani.

Ka san kuma cewa WhatsApp na barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15 da turawa, yana barinsa ya goge shi gaba ɗaya, kuma akwai saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Zauren ciniki a kashe masa wannan saiti. Wanda ya taya da murya, kamar yadda iyayenmu da yawa suke yi, mai gwanjo ya amsa masa a rubuce da alƙaluma: "Kaya na 7, an taya ₦41,000." Dubu sha huɗu da dubu arba'in ba su yi kama a baki ba, amma cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta kunne yakan yi kuskuren da ido ba zai yi ba.

Lamba ɗaya da za ta bi kaya har gida

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk gwanjon da aka ci da dare za a biya gobe, bashi ne na ɗan lokaci, don haka rubuta shi ba rashin yarda ba ne. Mu daina jin kunyar wannan. Ba dole sai da boko ba. Wanda hannunsa ya fi faɗawa da ajami ya rubuta da ajami, alƙaluma dai su fito sarai.

Kowane kaya a ba shi lamba tun kafin a ɗora hotonsa. Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa kwanan wata da jerin kayan: kaya na 7 na ranar 14 ga Maris ya zama 14/3-7. A rubuta lambar a takarda a ajiye ta jikin kayan lokacin ɗaukar hoto. Ita za a rubuta a littafi, ita mai saye zai sa a gurbin bayani lokacin da zai tura kuɗi, ita za a rubuta da maka a bayan ledar da za a ba ɗan kabu-kabu. Da haka abubuwa ukun nan da waya ta raba sun sake samun abin da ya ɗaure su.

A littafin, kowane kaya layinsa daban, ko da mutum ɗaya ne ya ci guda biyar. A layin za a sa lambar kaya, sunan mai saye da lambar wayarsa, kuɗin da aka sallama, abin da ya biya da ranar da ya biya, abin da ya rage, da ranar da kaya suka fita da wanda ya ɗauka. Sai gurbi ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa, wanda kuma ya fi sauran amfani ranar rikici: sunan da ya fito a asusunka lokacin da kuɗin suka shigo. A garin nan mace takan biya daga asusun maigidanta ko na ɗanta, dattijo yakan aiki yaro wurin mai POS. Sunan mai saye daban, sunan mai turowa daban. In ba ka rubuta su biyun kusa da juna a ranar ba, bayan mako guda ba za ka tuna ba.

Duk dare, in an rufe lissafi, a ɗauki hoton shafin ranar a tura wa wani amintacce ko a ajiye a imel. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato ranar 19 ga Janairu, 2021 ta isa ta tuna mana cewa takarda ma dukiya ce da wuta ke ci. Waya kuma ana sacewa, tana faɗawa ruwa. A ajiye a wuri biyu.

Alat ba kuɗi ba ne

Saƙon da ke shigowa yana cewa an turo kuɗi, da hoton rasit da mai saye ke turowa, labari ne kawai. Ana ƙirƙirar na ƙarya, kuma na gaskiyar ma wani lokaci yana fita alhali kuɗin sun maƙale a hanya, daga baya su koma wa mai su. Gani ya kori ji: buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin sun ƙaru da adadin da ake magana, kafin kaya su bar hannunka. Mai saye na gaskiya ba zai yi fushi da jiran minti biyar ba. Wanda ya tsaya a kanka yana cewa motarsa za ta tashi, ka ba shi kaya alat na nan tafe, ka ƙara natsuwa da shi.

Kusan duk tiransifar da ke tsakanin banki da banki a Najeriya tana bi ta hanyar NIBSS, kamfanin da Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka, wanda ya fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Kowace tiransifa da ta bi ta nan tana da doguwar lamba mai alƙaluma 30, wadda masu POS da ma'aikatan banki ke kira seshan aidi. Ba a samun biyu iri ɗaya. Da ita banki ke gano inda kuɗi suka kwana. Mai saye ya ajiye rasit ɗin da ke ɗauke da ita, in kuma ta POS ya biya, ya ɗauki hoton takardar nan take, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a zafin Sakkwato cikin aljihu.

Wani ƙaramin abu da ke rikita lissafi shi ne harajin ₦50 da ake cirewa a kan tiransifar da ta kai ₦10,000, da kuɗin da mai POS ke caja. Wani mai sayen sai ya cire cajin POS daga kuɗin kaya, ya turo ₦40,700 a maimakon ₦41,000, a ransa kuwa ya biya duka. A faɗa tun farko cewa adadin da aka sallama shi ne zai shiga asusu cif.

Misali: ₦21,000 da suka shiga layin da ba nasu ba

Mu ɗauka wata Hajiya a Mabera tana gwanjon atamfa da leshi da kayan kicin a zauren WhatsApp duk daren Juma'a. Wata matashiya daga Runjin Sambo ta ci kaya biyu: na 7, turmin atamfa uku, a ₦41,000, da na 12, saitin kuloli, a ₦18,500. Kuɗin kai kaya ₦1,500. Jimla ₦61,000. Ranar Asabar da safe ta je wurin mai POS na bakin layinsu ta tura ₦40,000, iyakar abin da ke hannunta ke nan. Ranar Lahadi da dare maigidanta ya cika ₦21,000 daga asusunsa, bai rubuta komai a gurbin bayani ba, ita kuma ba ta turo rasit ba, don a ganinta magana ta ƙare.

Hajiya ta ga ₦21,000 sun shigo da sunan namiji. Akwai wata tsohuwar abokiyar cinikinta da ake bi ₦22,000, sunan mijinta kuma ya yi kama da wannan. Sai ta rubuta kuɗin a layin waccan, ta sa saura ₦1,000. Ranar Talata matashiyar ta kira.

"Hajiya, ina wuni. Har yanzu ban ga kayana ba."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ai cikonki nika jira, saura dubu ashirin da ɗaya."

"Wane ciko kuma, Hajiya? Tun shekaranjiya munka biya kuɗɗin ga duka."

A daidai wannan gaɓa ake rasa ciniki ko a tsira da shi. Abin da ya fi zuwa baki shi ne rantsuwa, sai kuma kai maganar cikin zaure a gaban mutum ɗari biyu, wannan ta ce an cuce ta, waccan ta ce ana son cin kayanta kyauta. Da an yi haka, ko an gano gaskiya daga baya, tabon ba ya gogewa. Hajiya ba ta bi wannan hanya ba.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata, ba na ce ba ki biya ba. Abin da ke littahina nika hwaɗa miki, kuma littahi na kuskure. Turo min rasit ɗin biyu, ki gaya min sunan wanda ya turo da lokacin. Kayanki na nan, ba mai taɓa su."

Lura da abin da ta yi. Ba ta ƙaryata ba, ba ta kuma amsa abin da ba ta tabbatar ba. Ta dakatar da kayan don kada a sayar wa wani. Ta nemi abu uku da ba sa canzawa da fushi: adadi, lokaci, da sunan mai turowa. Da rasit ya iso sai ta buɗe jerin shige da ficen asusunta a manhajar banki, ba saƙonnin alat ba, ta nemo daren Lahadi. Ga ₦21,000, ga minti ɗaya da na rasit, ga suna, ga alƙaluman ƙarshe na doguwar lambar sun yi daidai. Kuɗin na matashiyar ne.

Saura aikin da ya fi nauyi. Kuskuren ya taɓa mutum biyu, ba ɗaya ba. Waccan tsohuwar abokiyar ciniki an riga an gaya mata saura ₦1,000, alhali ₦22,000 ɗin na nan a kanta. Dole Hajiya ta kira ta da kanta, ta nuna mata hoton shafin da rasit ɗin, ta ce kuskuren daga gare ta ne. Wasu sukan ji nauyin wannan kira su haƙura da kuɗin, su cusa asarar cikin farashin kayan gaba. Hakan bai dace ba, domin wanda bai ji ba bai gani ba ne zai biya.

A shari'a, wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. A wannan misali wadda ta ce ta biya ita ta kawo rasit. Da a ce rikicin a kan kai kaya ne, Hajiya ta ce ta aika, matashiya ta ce ba ta karɓa ba, to Hajiya ce za ta kawo hujja: sunan ɗan kabu-kabun, lambar wayarsa, hoton ledar a hannunsa, da saƙon da mai karɓa ta turo cewa kaya sun iso. Saboda haka ake neman wannan saƙo duk lokacin da aka kai kaya, ko da kalma biyu ce.

In littafi ya ƙi daidaita

Duk daren gwanjo, ko aƙalla duk ƙarshen mako, tara abin da littafi ya ce an biya, ka kwatanta da abin da ya shiga asusu. In sun saɓa, kada ka fara da zargin yaron shago. Fara da fitar da bambancin, domin shi kansa yakan nuna inda kuskuren yake.

Masu aikin akanta suna da wata dabara tsohuwa. In bambancin ya rabu da 9 ba saura, to mai yiwuwa an juya alƙaluma biyu ne ko an yar da sifili. An sallama kaya a ₦15,400, ka rubuta ₦14,500: bambanci ₦900, wanda 9 ta raba shi gida 100. An biya ₦41,000, ka rubuta ₦4,100: bambanci ₦36,900, in ka raba da 9 sai ₦4,100 ta fito, wato ainihin adadin da ka rubuta ba daidai ba, sai ka neme shi a shafi. In bambancin ya yi daidai da kuɗin wani kaya, to an manta rubuta shi ko an rubuta shi sau biyu. In kuma rabin bambancin ne ya yi daidai da wani adadi, duba ko kuɗin da ka mayar wa wani ka sa su a gurbin waɗanda suka shigo. Ƙananan bambanci irin ₦50 ko ₦100 galibi caji ne.

Da ka gano kuskure, kada ka goge, kada ka shafe da farin ruwan gyara, kada ka yage shafi. Ja layi ɗaya siriri a kan adadin yadda za a iya karanta shi, rubuta na daidai a gefensa, sa kwanan wata da dalili a taƙaice, ka sa hannu. Littafin da aka yi wa haka ya fi mai tsabta daraja a gaban alƙali, domin yana nuna abin da ya faru da lokacin da aka gyara. Shafin da aka kankare kuwa, ko mai shi waliyyi ne, sai an yi masa kallon tuhuma. Haka ma a waya: kada ka goge tsohon saƙo, tura sabo a ƙarƙashinsa ka ce ga gyara.

In matsalar ta banki ce

Wani lokaci kowa ya yi daidai, kuɗi sun fita daga asusun mai saye amma ba su isa ba. A nan wanda aka cire wa kuɗi shi ke kai ƙorafi bankinsa, da doguwar lambar nan, da kwanan wata da adadi. Ya nemi a ba shi lambar ƙorafi, ya rubuta ta. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade wa bankuna wa'adi: in na'urar ATM ta bankinka ta cire ba ta ba ka ba, a mayar nan take ko cikin awa 24, in ta wani banki ce, awa 48, rikicin POS da biya ta intanet kuma awa 72. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a nan Sakkwato. Za su tambayi shaidar cewa ka fara zuwa bankinka, shi ya sa lambar ƙorafi ke da muhimmanci. Kafin nan mai kaya ya riƙe kayan, kada ya sayar, kada kuma ya saki, su biyun su yanka ranar da za su sake magana.

Wanda ya tura kuɗi asusun da ba shi ba, ya garzaya bankinsa a ranar. Banki ba ya zare kuɗi daga asusun mutum haka kawai. Sai da yardar mai asusun, in ya ƙi kuma sau da yawa sai da umarnin kotu. Karanta sunan da ya fito kafin ka danna lambar sirri ya fi duk wannan wahala sauƙi. In kai ne kuɗin wani suka faɗo wa, amana ce, kada ka taɓa. Amma ka yi hattara da wanda zai kira yana kuka cewa ya turo fiye da kima, ka mayar masa da rarar zuwa wani asusu daban. Tsohuwar damfara ce. Duba asusunka tukuna, in da gaske sun shigo, a mayar ta hannun banki zuwa inda suka fito.

Rikicin da ya fi ƙarfin mutum biyu a fara kai shi ga wanda su duka suke jin nauyinsa: shugaban 'yan kasuwar layin, limamin unguwa, ko mai unguwa. A rubuta abin da aka sasanta a kai, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe hoto. In sulhu ya gagara, akwai kotun shari'ar Musulunci da kotun majistare. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a gabatar da bayanan waya da kwamfuta a matsayin hujja bisa sharuɗɗa, don haka kada ka goge hirarku ko da ranka ya ɓaci. Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma sa a tsare maƙwabcinka a kan cikon atamfa zalunci ne. Inda aka yi rasit na ƙarya, ko aka karɓi kuɗi babu kayan tun asali, wannan laifi ne, a kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato.

Gwanjon hukuma

Hukumar Kwastam ta fara sayar da kayan da ta kama ta intanet a Yulin 2017, ta kuma sake buɗe tsarin da gyare-gyare a Janairun 2024. Mai son shiga sai ya yi rajista da lambar biyan harajinsa, ya zuba kuɗi a asusun da shafin ya buɗe masa, ya yi tayi, in ya ci a ba shi takardar shaida da wa'adin biya da kwashe kaya. Sharuɗɗan sukan canza, a karanta su a shafin hukumar kanta a duk zagaye. Abin da ba ya canzawa shi ne hukuma ba ta karɓar kuɗin gwanjo a asusun wani mutum. Kwastam ta sha yin gargaɗi kan masu buɗe shafuka a Facebook da hoton jami'i cikin kaki, suna tallar mota ko buhunan shinkafa a farashin banza, su ce a turo kuɗin fom. Mai shakka ya taka zuwa ofishin Kwastam da ke cikin gari ya tambaya kafin ya tura ko sisi. Wanda ya shiga na gaskiyar kuma ya buga duk takardar da shafin ya ba shi, ya haɗa da rasit ɗin banki a fayil ɗaya.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya ja layukan littafi a takardarsa kamar yadda aka bayyana, ya shigar da cinikin matashiyar Runjin Sambo tun daga daren Juma'a har ranar Talata, tare da kuskuren Hajiya da gyaransa, ba tare da gogewa ba. Ku musanya takardu, kowa ya duba ko zai fahimci abin da ya faru daga rubutun abokinsa kaɗai.

Sannan ku warware wannan. Wani mai gwanjon wayoyin hannu a Tsohuwar Kasuwa ya tara littafinsa ya samu ₦186,300, asusunsa kuma ya nuna ₦189,000 sun shigo a wannan mako. Cikin abin da ya rubuta akwai ₦25,800, da ₦47,000, da ₦63,500, da ₦50,000. Nawa ne bambancin? Ya rabu da 9? Wane adadi kuke zargi, kuma me ya kamata ya kasance? Rubuta saƙon da zai tura wa mai sayen da abin ya shafa.

A gida, kowa ya nemo rasit ɗin tiransifa guda ɗaya, nasa ko na wani na gida da izininsa, ya gano inda doguwar lambar take, da lokacin, da sunan mai karɓa. Ku rufe lambar asusu da yatsa ko takarda kafin ku nuna wa kowa, ku zo da shi darasi na gaba.